Yatsu Uku a Bayan Silin

Ƙarfe bakwai na safe bai cika ba aka tsinci Mai Shara kwance tsakanin kekunan ɗinki, tafin hannunta na dama ya yi fari fat kamar an ɗora masa dutsen guga. Ta wanke daɓen tas, yadda ta saba shekara da shekaru, sannan ta ɗauki doguwar tsintsiyarta mai sandar ƙarfe za ta kakkaɓe yana. Ƙafarta ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Kan sandar na taɓa ƙarfen silin, wuta ta fizge ta, ta maka ta da teburin guga. Ƙashin ƙugunta ya karye, amma da sauran kwana a gaba.

Silin ɗin irin na zamani ne, ragar ƙarafa sirara a rataye daga katakon rufi, an jera fararen alluna a cikinta. Ba fitila ba ne, ba inji ba ne, to me ya kai wuta jikinsa? Kafin motar asibiti ta sha kwana, teloli goma sha biyu da maƙwabtansu sun gama shari'a a bakin ƙofa. Rabinsu suka ce Mai Walda ne ya hau ya ɗana, tunda kwana uku ke nan da Shugabar teloli ta kore shi daga gaban ginin saboda tartsatsinsa ya huda yadin mutane, kuma kowa ya ji lokacin da ya ce sai sun yi nadama. Sauran rabin suka ce aikin ne ruɓaɓɓe tun asali. Mace da jan wayar wuta, ai dama sun faɗa.

Wani Sajan na 'yan sanda ya zo, ya sa aka kashe wutar ginin, ya saurari kowa, sannan ya duba agogo.

"Zan dawo ƙarfe huɗu. In an nuna mini wanda ya yi, da shi zan tafi. In ba a nuna ba, zan tafi da wadda ta sa hannu a takardar aikin, kuma takardar izininta in ta shiga ofis ba ta fitowa. Kafin nan, kada ta taka tsani a ɗakin nan."

Wadda ta sa hannun ita ce autar Sha-Wuta, kuma wannan ginin shi ne babban aikinta na farko.

*

Duk wanda wuta ta ɓace wa a gida, ko ta ɓulla inda ba a aike ta ba, Sha-Wuta yake nema. Tsohon bai taɓa zama a aji ba, sunansa ma bai iya rubutawa ba, amma yana bin waya a cikin bango kamar yadda maharbi ke bin sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sau uku wuta ta kama shi, sau uku ta gaji ta sake shi. Na farko ta wurgo shi daga kan turken wutar lantarki ya faɗa kan rufin kwano. Na biyu ta cinye masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun dama, ta kuma gutsuri bakin filayarsa, filayar da har yau take aljihunsa da giɓinta. Na uku ta tsayar masa da numfashi sai da wani direba ya yi ta dukan ƙirjinsa. Injiniyoyi masu tabarau nawa suka zo suka wuce, shi yana nan. Launin waya bai taɓa damunsa ba, yakan ce launi aikin teloli ne. Shi testa yake tambaya, ɗan ƙarfen nan mai ƙwai a gindi: in ya kama, waya na da rai, in bai kama ba, gawa ce.

Ya iske Auta zaune kan benci a waje, jakar kayan aikinta tsakanin ƙafafunta, ido ja.

"Baba, kai suka kira?"

"Da wa za su kira, mai sayar da katifa? Share fuskarki, ana kallonki."

"Abin da ya ɗaure mini kai, bireka bai faɗi ba." Bireka shi ne maɓallin cikin akwatin wuta da ke yanke ta da kansa in ta bi hanyar da ba tata ba. "Na ja koriyar waya daga akwati na ɗaure ta a ƙarfen silin. Da zarar wuta ta taɓa ƙarfen, kamata ya yi ta bi koriyar ta shige ƙasa, bireka ya faɗi kafin kowa ya kai hannu."

"Ke da koriyar wayarki! Shekara arba'in da biyar ina aikin nan, ban taɓa ɗaura wa silin waya ba. Me zai yi da ita, karatu? Wannan aikin hannun mutum ne, kuma kafin ƙarfe huɗu zan riƙo miki kunnensa."

Ya leƙa ɗakin. Kekuna a jere, bokitin wanke ƙasa a kife, tsintsiyar a yashe. Ya ɗaga kai ya ga fankar da ke saman teburin guga, ya nuna wa Shugaba ita da haɓa.

"Kin ga waccan? Wata takwas da na rataya miki ita. Ta taɓa yi miki tari?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Shi ya sa na ce kai za a kira."

Silin ɗin ya yi sama da yawa, kuma dogon tsanin ginin ba ya nan.

*

Mai Gadi yana zaune a inuwar ƙofa, makullai a wuya, ya ƙagu a tambaye shi.

"Mai Walda ya ɗauke tsanin, jiya da yamma bayan an tashi. Da idona na gan shi."

"Ya shiga ɗakin ɗinki da shi?"

"To, Baba, mutum da tsani a kafaɗa, ina za shi in ba sama ba?"

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Ya shiga?"

Mai Gadi ya sosa ƙeya. "Na ɗan zaga banɗaki. Da na fito, ba shi ba tsani."

"Makullin fa, ka bar shi a ƙofa?"

"Haba! Ko wanka da shi nake yi."

Zancen bai tsaya da ƙafarsa ba, Sha-Wuta ya sani. Amma ransa ya yi fari, domin shi ma Mai Walda yake so ya zama mai laifin. Mutum mai fushi, da tsani, da yamma: wannan ya isa a cire hannun Auta.

*

Mai Walda ya koma bayan masu facin taya, yana haɗa sabuwar rumfa da tsohon kwano. Ƙato ne, rigarsa duk hujin tartsatsi, baƙin tabarau a goshi. Tsanin yana jingine da bango.

"Tsoho, an turo ka ka kama ni? Da yatsu nawa?"

"Da ukun nan na riƙe wayar da ta kashe bijimi biyu a rana ɗaya, ɗan nema. Me ka yi da tsanin mutane?"

"Kwanon rumfata na sauke. Ko so suke in bar musu shi su ɗinka riga?"

"An ce ka ce sai sun yi nadama."

"Na faɗa, kuma zan ƙara. Ranar da ƙafar keke ta karye, su nemo wanda zai liƙa musu." Ya ajiye guduma, murya ta sauka. "Amma Inna Mai Shara? Matar da ke ajiye mini ruwan sanyi a gindin taga kullum? Baba, ka dube ni dai."

"Na duba ka. Fuska ba ta shaida."

"To dubi waɗannan." Ya buɗe tafukansa, baƙi ƙirin, mai da tsatsa sun shige har cikin layukan fata. "Sabulu uku matata ta gwada, ta haƙura. In na ɗaga farin allon silin da hannun nan, sai an gani daga titi. Je ka ɗaga kai ka duba."

Sha-Wuta ya riga ya ɗaga kai ɗazu, kuma allunan farare tas suke. Ya sa Mai Walda ya mayar da tsanin wurin teloli ya jira shi can, shi kuwa ya nufi asibiti.

*

Mai Shara sa'arsa ce, layi ɗaya suka tashi, kuma tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. Ya same ta kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, hannu a naɗe, fuska ta faɗa.

"Ashe kin shigo ƙungiyarmu," in ji shi. "Saura biyu ki kamo ni."

"Ɗaya ma ya ishe ni, ni ba ni da taurin kanka. Zauna, tsohon banza, kana tare mini iska."

Ya zauna. "Jiya kin ga wani ya hau sama?"

"Jiya? Ai abin ba na jiya ba ne. Ya kai mako uku, duk sanda na kai tsintsiya kusurwar guga sai in ji wani zirr a gwiwar hannu. Na ɗauka sanyin ƙashi ne, har ina shafa man zafi."

"Mako uku?"

"Ko fiye. Yau ne dai igiyar silifas ɗina ta tsinke, na ce bari in ƙarasa haka nan."

"Kullum kike jin abin?"

"A'a, sai in na kunna fanka don ƙasa ta bushe da wuri. Fankarka. Allah ya yi maka albarka, tun da ka sa ta masu guga suka daina zuba kamar an tsamo su daga rijiya." Ta yi ƙoƙarin juyawa, zafi ya hana ta. "An ce wai za su tafi da yarinyar nan. Kada ka bari. Ranar da take aikin, ni na riƙe mata tsani. Noti ɗaya sai ta ɗaure ta sake dubawa, har na ce mata ko surukarta ce za ta zo bincike."

Sha-Wuta ya yi dariya, amma dariyar ba ta sauka ciki ba. Rigimar Mai Walda kwana uku ce. Mako uku kuwa ya bar mutum ɗaya tak a fili, wadda ta ja wayar. Ga kuma maganar fanka da ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙaya, ya rasa dalili.

*

Rana ta take tsaka lokacin da ya kori kowa daga ɗakin ya kafa tsani. Daga bakin ƙofa ya fara. Ya ɗaga allo ɗaya, ya cusa kai da tocila. Zafi ya buge shi kamar an buɗe tanda. Ƙura ta kwanta a bayan allunan lif, ba tabo ba gurbi, yana ta haɗa katako da katako ba inda ta yage. Ko kyanwa ba ta ratsa nan ba cikin watanni, balle ƙato mai baƙin hannu. Can gefe ga 'yan ƙwayoyin kashin ɓera, busassu.

Ya sauko, ya ja tsanin zuwa kusurwar guga, ya sake hawa.

Nan ya same ta. Wayar da ke kai wa fanka wuta tana kwance a kan yankakken bakin ƙarfen silin, mai kaifi kamar reza. Rawar fanka ta wata da watanni ta sa ƙarfen ya ci robar wayar a hankali har jan ƙarfen ciki ya fito yana ƙyalli, ga ɗigon baƙi inda wuta ta riƙa lasa. In an kunna fanka, ragar ƙarfen gaba ɗaya ta ɗauki wuta, kuma tunda a katako take rataye, ba ta da inda za ta zubar sai jikin wanda ya taɓa ta.

Wane jaki ne ya kwantar da waya a nan? Ya murza ta da babban yatsa don ya ga kaurinta. Ƙura ta fita. Koriya ce.

Ya bi ta da haske. Inda aka haɗa ta, an murɗe ta hagu, ba dama ba yadda kowa ke yi, an naɗe da baƙin salatef an lanƙwasa wutsiyarsa. Ya mayar da hasken jikin ƙarfen. Ga noti a ɗaure tam, irin ɗaurin wanda ya duba sau biyu, da ɗan guntun koriyar waya a maƙale, bai fi gaɓar yatsa ba. Bakin yankan yana da ɗan tudu a tsakiya, irin wanda filaya mai giɓi ke bari.

Sai a bayan allon da ke kusa, ƙarƙashin sabuwar ƙura marar kauri, ya ga inda wani ya dafa hannu a tsohuwar ƙura don ya miƙa jiki. Tafi ɗaya, babban yatsa, da yatsu biyu. Daga nan ba sauran komai.

Ranar ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Auta ta tafi wani aiki, Shugaba ta roƙe shi ya ƙara musu fanka. Wayarsa ta gaza da kamu biyu, shago da nisa, rana na dukan kwano. Ya ga wata waya a ɗaure da ƙarfe ba ta zuwa fitila ba ta zuwa komai. Ya ɗora mata testa, ƙwai bai kama ba. Gawa, ya ce, 'yan makaranta da ɓarnar kaya. Ya datse ta nan, ya datse ta can, ya ƙarasa aikinsa da ita, ya sauko yana ba masu guga labarin yadda ya faɗo daga turke.

Wayar da 'yarsa ta sa ta tsare mutane, ita ya cire, kuma ita ya ɗora wa wuta ya kwantar a kan wuƙa.

Gumi ya shiga idonsa. Ya daɗe a tsaye kan tsanin. Shafa ɗaya da hannun riga, shaidar za ta tafi. Noti kuwa juyi uku ne zai faɗa aljihu. Ya ɗaga hannun rigar har ya kusa taɓa allon, sai ya tsaya. Bai goge ba. Amma bai kira kowa ba. Ya mayar da allon da ya ɗaga a hankali, ya sauko, ya zauna kan kujerar wani tela yana kallon tsintsiyar da ke ƙasa har ƙarfe huɗu ta buga.

*

Sajan ya zauna a kan teburin yanka. Teloli suka jeru jikin bango, Shugaba a gaba. Mai Gadi ya tsaya bakin ƙofa yana wasa da makullai, Mai Walda ya harɗe hannu a ƙirji, Auta tana gefe da jakarta.

"To, Baba, an ce ba a taɓa ɓoye maka waya ba. Muna ji."

Sha-Wuta ya miƙe. A irin wannan wuri ne yakan fara da turke da rufin kwano, har sai an roƙe shi ya zo kan magana. Yau bai fara da komai ba.

"Mai Gadi bai ga abin da ya ce ya gani ba. Tsani ya gani, sauran ya ƙara daga banɗaki."

Aka yi 'yar dariya. Mai Gadi ya sunkuyar da kai.

"Mai Walda bai hau ba. Ƙurar da ke sama ta fi rigimarsa tsufa. Ku nemi gafararsa."

"A rubuta wannan, Sajan," in ji Mai Walda, "da manyan baƙaƙe."

"To wa ya hau?" in ji Shugaba.

"Wata waya ce ta goge a bakin ƙarfe." Ya kawar da kai. "Akwai ɓeraye a sama. Na ga kashinsu."

Maganar ta fito ƙarama, ba irin muryarsa ba. Sajan ya dube shi, ya dubi silin.

"Ɓera ba ya zuwa ofis, Baba. Yarinyar nan ta ce mini ta sa wata waya wadda ko me ya faru za ta yanke wuta. Kai ka hau. Ka gan ta a ɗaure, ko ba ka gan ta ba?"

Wani keke ya yi ƙara, ƙafar wata ta taɓa shi.

"A ɗaure dai," in ji Sha-Wuta, "ban gan ta ba."

"Kun ji ko!" wata tela ta ce daga baya. "Takarda kawai, ba aiki."

"Ni dama tun farko raina bai kwanta ba," in ji wata.

Auta ba ta kalle su ba. Ta buɗe jaka, ta zaro takardar izininta daga cikin leda, takardar da uwarta ta yi kwana biyu tana nuna wa maƙwabta ranar da aka ba ta. Ta miƙa wa Sajan da hannu biyu. Sannan ta juyo wajen ubanta, murya ƙasa ƙasa, ba zargi a ciki, kuma rashin zargin ne ya fi yanka.

"Baba, ko ka duba kusurwar guga? Can na ɗaure ta. Wataƙila duhu ne ya hana ka gani. Idonka ba kamar da ba."

Uzuri take nema masa. A gaban mutanen da ke cin namanta, shi take karewa.

Sha-Wuta ya ce, "Ɗan nema, riƙe mini tsanin nan."

Mai Walda ya riƙe. Tsohon ya hau, ya ɗaga allon da ke kusa da fanka, ya sauko da shi a kwance a kan tafukansa kamar mai ɗauke da faranti cike da ruwa, don kada ƙurar ta motsa. Ya ajiye shi kan teburin yanka, bayansa a sama.

"Ku matso. Kada wanda ya hura."

Suka matso. Sajan ya sunkuya. "Hannu ne. Amma bai cika ba, rabi ya goge."

"Bai goge ba. Haka mai shi yake."

Ya ɗaga hannunsa na dama, wanda ya shekara talatin yana nuna wa mutane da alfahari, ya sauke shi cikin gurbin. Tafi ya zauna a tafi, yatsu uku a yatsu uku, ba ragi ba ƙari.

Ya faɗa musu komai, idonsa a kan teburin: kamu biyu da suka gaza, testan da bai kama ba, datsa biyu. Ya zaro filayar ya ajiye kusa da allon, ya ce Sajan ya hau ya gwada giɓinta da guntun da ke jikin noti.

"Ta sa wayarta, ta ɗaure ta yadda ya kamata. Ni na yanke. Ɗazu ma na gani, na sauko na ɗora wa ɓera." Ya juya wajen Auta, amma bai iya ɗaga ido ya wuce takalmanta ba. "Na ce miki silin ba ya buƙatar waya. Nuna musu."

Sajan ya gyaɗa kai. Auta ta hau tsanin, ta ja sabuwar koriyar waya daga akwatin wuta ta ɗaure a notin, ta bar gogaggiyar wayar fanka yadda take. Ta sa kowa ya ja da baya, ta mayar da wutar ginin, sannan ta danna makunnin fanka.

Ƙas! Bireka ya faɗi kafin fankar ta motsa fiffike.

"Ikon Allah," in ji Shugaba. "Wato da tana nan..."

"Da tun ranar farko wuta za ta riƙa yankewa, ku kira ni in gano," in ji Auta. "Ita ba ta ɗaukar wuta sai ranar masifa, shi ya sa testa ba ya ganinta. Ba kowane ƙarfe ne ke buƙatarta ba. Amma wanda waya ke kwance a kansa, kuma hannu zai iya kai masa, ni ba na barinsa haka."

Sajan ya mayar mata da takardarta. Ya tattara allon da filayar, ya ce tsohon ya biyo shi ya ba da bayani.

"Ban iya rubutu ba, ranka ya daɗe."

"Za ka dangwala yatsa."

Mai Walda ya buɗe baki, zolayar tana kan harshensa, sai ya dubi fuskar tsohon ya rufe. Ya cire tabarau daga goshi ya bi su a baya har bakin titi, ba wanda ya sa shi.

*

Washegari da hantsi, bayan an sallame shi a kan zai riƙa zuwa duk sanda aka neme shi, Sha-Wuta ya tsaya a ƙofar ɗakin asibitin ya kasa shiga. Auta ce ta taɓa bayansa.

"Shiga, Baba. Ta riga ta ji."

Ya shiga, hula a hannu. Bai zauna ba. Ya fara magana, Mai Shara ta ɗaga naɗaɗɗen hannunta ta tsayar da shi.

"Shekara sittin ina jiran ranar da za ka shigo wuri bakinka a rufe. Ashe sai na karya ƙugu."

"Ki yafe mini."

"Likita ya ce wata uku kafin in taka ƙasa, in ma na taka. Ba zan ce maka ba zafi ba, akwai." Ta kalli rufin ɗakin. Shi ma irin silin ɗin ne, ƙarafa sirara da fararen alluna. "Gidaje nawa ka yanke wa irin wannan gawar taka?"

Ya buɗe baki zai ce ba ko ɗaya, sai ya fara ƙirgawa a zuci. Yatsun hannun dama suka ƙare, ya koma na hagu.

"To da rana ka ɗauki jakar yarinyar nan, ka bi ta gida gida, ka nuna mata inda ka taɓa. Ita ta hau, kai ka riƙe tsani." Ta juyar da kai wajen taga. "Da safe kuma, Shugaba za ta nemi mai shara, ni kuwa ba na son a ba wata wurina. Bokiti yana bayan ƙofa. Ka fara daga kusurwar guga, can zare ya fi taruwa. Kuma ka sa takalmi."